Kuɗin Hutun da Ba a Ci Ba: Tambayoyi da Amsoshi kan Haƙƙin Tsofaffin Ma'aikatan Bas na Gwamnati a Indiya

A Indiya kusan kowace jiha tana da hukumarta ta sufurin bas. Yawancinsu an kafa su ne a ƙarƙashin wata doka ta 1950 da ta ba jihohi ikon buɗe hukumomin sufurin hanya: akwai MSRTC a Maharashtra, da UPSRTC a Uttar Pradesh, da APSRTC a Andhra Pradesh, da DTC a Delhi, sannan Kerala da Karnataka kowacce tana da tata. Direbobi da kwandastoci da makanikai da masu duba tikiti sukan shafe shekara talatin ko fiye a cikinsu, su ajiye aiki galibi suna da shekara 58 ko 60, gwargwadon dokar jiharsu. Ranar sallama ana bin hukuma abubuwa da dama: fansho ko kuɗin asusun ajiya, da garatuti, da kuɗin kwanakin hutun da mutum ya tara bai ci ba. Na ƙarshen nan yakan maƙale, har tsofaffi su yi ta safa da marwa tsakanin ofis da kotu. Tambayoyin da ke ƙasa a kansa suke.

Mene ne ainihin wannan kuɗi?

Kowace shekara ma'aikaci yana da kwanakin hutu da albashinsa ke gudana a cikinsu. Idan bai tafi hutun ba, kwanakin ba sa ɓacewa, ana rubuta masa su a kundin aikinsa, su yi ta taruwa har iyakar da doka ta yanka. Ranar da ya yi ritaya sai a ƙirga abin da ya rage, a mayar da shi kuɗi a ba shi a dunƙule.

Kada a haɗa shi da alawus ɗin hutu da ma'aikatan Najeriya suka sani, wanda ake bai wa mutum don ya yi guzurin hutunsa na shekara. Wannan na ranakun da ya kamata mutum yana gida ne amma yana bakin aiki.

Me ya sa ma'aikatan bas suke tara hutu mai yawa haka?

Saboda bas ba ta tsayawa. Magatakarda a ofis zai iya rufe fayil ya tafi ƙauye mako biyu, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Direban da aka rubuta wa hanyar asuba kuwa, in bai zo ba, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti a tasha za su yini. Idan hukuma ta daɗe ba ta ɗauki sababbin ma'aikata ba, waɗanda ke akwai su ake ƙara wa nauyi. Mutum ya rubuta takardar neman hutu, manajan gareji ya ce masa ya yi haƙuri sai bayan biki. Lokacin Diwali da sauran manyan bukukuwa, da kowa ke komawa gida wurin iyalinsa, lokacin ne ake ƙara motoci a hanya, kuma lokacin ne ake hana ma'aikata hutu.

Akwai kuma masu tarawa da gangan. Direba ya san cewa ranar da ya sauka daga kujera albashi ya yanke, ga auren 'ya, ga ginin da bai ƙarasa ba, ga ciwon baya da na gwiwa da shekarun tuƙi suka bar masa. Sai ya danne gajiyarsa, ya bar kwanakin su taru. Ko an hana shi ne ko shi ya zaɓa, hukuma ta ci moriyar aikinsa a waɗannan ranaku, ta sayar da tikiti, ta karɓi kuɗin fasinja. Wannan shi ne abin da ya kamata duk mai duba maganar ya riƙe a zuciyarsa.

Haƙƙi ne da doka ta sani, ko alheri ne da hukuma ke yi idan ta ga dama?

Haƙƙi ne. Kotunan Indiya sun daɗe suna nanata haka, kuma tubalin da suka ɗora maganar a kai yana cikin kundin tsarin mulki. Sashe na 300A, wanda aka shigar a gyaran 1978, ya ce ba za a raba kowa da dukiyarsa ba sai da ikon doka. Tun 1971, a wata shari'a daga jihar Bihar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa fansho dukiyar ma'aikaci ce, ba kyautar da gwamnati ke bayarwa don ganin dama ba.

Hukuncin da lauyoyi suka fi kawowa a wannan fanni shi ne na watan Agustan 2013. Gwamnatin jihar Jharkhand ta riƙe wa wani tsohon ma'aikacinta wani ɓangare na fansho, da garatuti, da kuɗin hutunsa, bisa hujjar cewa ana bincikensa. Da aka nemi ta nuna dokar da ta ba ta wannan iko, sai ta kawo takardar umarni ta cikin ofis. Kotun Ƙoli ta ce takardar umarni ba doka ba ce, don haka ba za a riƙe dukiyar mutum da ita ba. A 2022, a shari'ar wasu malaman makaranta daga Rajasthan, kotun ta ƙara da cewa kuɗin hutu ɓangare ne na albashi. A 2024 kuma Babbar Kotun Bombay ta bi wannan sawu a ƙarar ma'aikatan wani bankin karkara.

Mai karatu zai lura cewa babu direban bas a cikin waɗannan shari'o'i. Gaskiya ne, amma ƙa'idar ta shafe shi, domin kotuna suna ɗaukar hukumomin sufurin jihohi a matsayin hannun gwamnati a ƙarƙashin sashe na 12 na tsarin mulki. Abin da aka hana ma'aikatar gwamnati yi wa ma'aikacinta, an hana hukumar bas.

To wace doka ce ta faɗi yawan kwanakin da za a biya?

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don ba doka ɗaya ba ce. Tsarin mulki yana kare haƙƙin da mutum ya riga ya samu, amma ba shi ne ke ƙirga kwanakin ba.

Mafi ƙarancin abin da aka tanada ya fito ne daga dokar ma'aikatan sufurin mota ta 1961: wanda ya yi aikin kwana 240 a shekara yana da hutun kwana ɗaya a kan kowane kwana 20 na aiki, zai iya tura abin da bai ci ba zuwa shekara ta gaba har kwana 30, kuma in ya bar aiki a biya shi ragowar. A 2020 majalisa ta zuba wannan doka cikin sabon kundin da ya shafi lafiya da yanayin aiki, aka rage kwanakin cancanta zuwa 180.

Sai dai ma'aikatan dindindin na hukumomin jihohi galibi suna da abin da ya fi wannan. Kowace hukuma tana da ƙa'idojin aikinta da ta tsara da amincewar gwamnatin jiha, ga kuma yarjejeniyoyin albashi da ake sa wa hannu da ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda su ma suna da ƙarfin doka. A Tamil Nadu, inda sufurin gwamnati yake a matsayin kamfanoni, waɗannan yarjejeniyoyi su ne ƙashin bayan komai. Ma'aunin da aka fi kwaikwayo shi ne na ma'aikatan gwamnatin tarayya, bisa ƙa'idojin hutu na 1972: kwana 30 a shekara, rabi a rubuta ranar 1 ga Janairu, rabi ranar 1 ga Yuli, iyakar abin da za a biya a ritaya kuma kwana 300. Iyakar wata hukuma tana iya zama ƙasa da haka. Don haka abu na farko da mai ritaya zai nema shi ne kwafin ƙa'idar hukumarsa da yarjejeniyar da ke aiki a shekarar da ya sauka.

Yaya ake lissafin kuɗin?

A tsarin tarayya, ana haɗa gundarin albashin watan ƙarshe da alawus ɗin tsadar rayuwa, a raba gida 30, a ninka da yawan kwanakin da suka rage. Kuɗin haya da sauran alawus ba sa shiga. Misali, wanda gundarin albashinsa rupi 40,000 ne, alawus ɗin tsadar rayuwarsa 20,000, kwanansa ɗaya ya kama rupi 2,000. In yana da kwana 300, kuɗinsa rupi 600,000 ne, wato albashin wata goma cur.

Wani abu da ake yawan mantawa: idan daga baya aka yi ƙarin albashi ko na alawus aka ce ya fara aiki tun wata ranar da ta gabaci ritayar mutum, lissafinsa ya canza, yana da damar neman cikon.

Idan hukuma ta ce ba ta da kuɗi fa?

Wannan ita ce amsar da tsofaffin ma'aikata suka fi ji, kuma sau da yawa ba ƙarya ba ce. Hukumomin bas na jihohi da dama suna tafiya ne cikin asara. Gwamnati ce ke yanka kuɗin mota, ita ke umartar a yi wa ɗalibai da tsofaffi rangwame, a wasu jihohi mata na hawa kyauta, ga hanyoyin ƙauye da ba riba a cikinsu amma dole a bi, ga tsadar man dizal. Idan gwamnati ta yi jinkirin mayar wa hukuma kuɗin rangwamen, asusu ya bushe. A Kerala jinkirin fansho ya kai matsayin da a 2018 aka koma biyan tsofaffin ma'aikatan hukumar ta hannun ƙungiyoyin gama-kai. A Telangana ma'aikata kusan 48,000 suka yi yajin aikin kwana 52 a 2019. A Maharashtra yajin da aka fara a ƙarshen 2021 ya kai watan Afrilun 2022, babbar buƙatarsu kuwa a mayar da su cikakkun ma'aikatan gwamnati, kamar yadda Andhra Pradesh ta yi wa nata daga 1 ga Janairun 2020.

Duk da haka, rashin kuɗi ba ya goge bashi. A 2003, a shari'ar kamfanonin gwamnatin Bihar da suka shekara da shekaru ba su biya albashi ba, Kotun Ƙoli ta ƙi yarda gwamnati ta wanke hannunta da cewa kamfanonin daban suke da ita. A ganina ma maganar ta fi haka sauƙi. Rangwamen da ake yi wa fasinja shawarar gwamnati ce, kuma shawara ce mai kyau. Amma wanda ya yanke shawarar shi ya kamata ya ɗauki nauyinta daga baitulmali. Ba daidai ba ne a ɗora ta a wuyan kwandastan da ya tsufa yana yanka tikiti a tsaye.

Abin da kotu kan yi a aikace shi ne ta ba da wa'adi, ko ta yarda a biya kashi-kashi, ko a bi jerin waɗanda suka riga yin ritaya. Wannan sassauci ne a kan lokaci kawai.

In an yi jinkiri, akwai ƙarin da ake biya?

Akwai. A 2008 Kotun Ƙoli ta duba ƙarar wani babban injiniya na jihar Haryana da aka biya haƙƙoƙinsa shekara huɗu bayan ritaya, ta ce ko da ƙa'idar aiki ba ta ambaci kuɗin ruwa ba, mutum zai iya nemansa bisa tsarin mulki. Alƙali ne ke yanka adadin, yana duba tsawon jinkirin da kuma laifin wane ne. Garatuti dai dokarsa ta 1972 ta fayyace: a biya cikin kwana 30, in an wuce a ɗora ruwa. Kuɗin hutu ba shi da irin wannan tanadi na bai-ɗaya, shi ya sa dole lauya ya rubuta buƙatar ƙarara a cikin takardar ƙara. Musulmin da zuciyarsa ba ta natsu da wannan ƙari ba yana iya neman uwar kuɗinsa kaɗai, ko ya tambayi malaminsa.

Wanda ya yi ritaya alhali ana bincikensa, za a iya riƙe masa?

Wannan tambaya ta fi shafar ma'aikatan bas fiye da kowa, don aikinsu cike yake da tuhuma: kwandasta a ce kuɗin jakarsa bai cika ba ko ya bar fasinja ba tikiti, direba a ce shi ya jawo haɗari ko motarsa ta sha mai fiye da ƙima.

Amsar ta dogara ga abin da ke rubuce. A ƙa'idar tarayya an yarda a riƙe kuɗin hutu, duka ko wani ɓangare, idan akwai bincike ko shari'a da ba a gama ba, kuma akwai yiwuwar a ƙarshe a bi mutumin kuɗi. Bayan an gama sai a cire abin da ya tabbata, a ba shi sauran. Idan ƙa'idar hukumar bas tana da irin wannan tanadi, tana iya amfani da shi cikin iyakarsa. Idan babu, hukuncin 2013 ya rufe ƙofa. Kuma ko da tanadin yana nan, tuhumar da ba ta shafi kuɗi ba, kamar musayar yawu da wani babba a gareji, ba hujja ba ce ta riƙe albashin wata goma. Mutum ya nemi a ba shi dalilin riƙewar a rubuce, da lambar ƙa'idar da aka dogara da ita.

Idan aka ce an yi kuskure an biya shi fiye da ƙima a baya, za a cire daga kuɗin hutunsa?

Galibi a'a. A watan Disamban 2014, a wata shari'a daga Punjab, Kotun Ƙoli ta jera yanayin da ba a yarda a ƙwato irin wannan kuɗi ba. A ciki akwai ƙananan ma'aikata, da waɗanda suka yi ritaya ko ya rage musu shekara ɗaya, da kuɗin da aka shafe fiye da shekara biyar ana biya kafin a farga. Sharaɗin shi ne kuskuren na ofis ne, ba ma'aikacin ne ya yi ƙarya ba. A 2016 kotun ta ware wanda ya sa hannu tun farko cewa zai mayar da duk rarar da aka gano. Saboda haka a karanta kowace takarda kafin a sa hannu, musamman a makonnin ƙarshe na aiki, lokacin da ake turo su da yawa.

Bashin gaskiya, kamar rancen da mutum ya karɓa daga hukuma bai gama biya ba, wannan ana cirewa.

Wanda aka kora, ko wanda ya ajiye aiki da kansa?

A ƙa'idar tarayya, kora tana cinye hutun da aka tara. Wanda ya ajiye aiki da kansa yana samun rabin kwanakinsa, iyaka 150. Hukumomi suna da nasu tsarin, kuma hukuncin Bombay na 2024 ya ba waɗanda suka ajiye aiki da kansu gaskiya saboda ƙa'idar bankinsu ba ta hana su ba. Wanda aka sallama saboda rashin lafiya, kamar direban da idonsa ya raunana, ana biyansa.

Idan ma'aikaci ya rasu kafin a biya shi?

Kuɗin na iyalinsa ne, ko ya rasu yana cikin aiki ko bayan ritaya yana jiran biya. Matar ko 'ya'yan za su kai takardar shaidar mutuwa da ta shaidar magada. Idan ya riga ya shigar da ƙara, magada suna iya neman kotu ta sa sunansu a madadinsa, shari'a ta ci gaba daga inda ta tsaya. Abin baƙin ciki ne a ce wannan tambaya tana cikin waɗanda ake yawan yi, amma jinkirin shekaru a kan mutanen da suka haura sittin dole ya haifar da ita.

Ana cire haraji?

Cikakken ma'aikacin gwamnatin tarayya ko ta jiha ba ya biyan haraji a kan wannan kuɗi. Ma'aikacin hukuma ko kamfanin gwamnati kuwa, a wajen haraji ba a lissafa shi cikinsu, yana da iyaka. Iyakar ta daɗe a rupi 300,000, sai daga 1 ga Afrilun 2023 aka ɗaga ta zuwa rupi miliyan 2.5. Akwai wasu ma'aunai da ake haɗawa da ita, ciki har da matsakaicin albashin wata goma, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Ga direba ko kwandasta, sabuwar iyakar ta wadatar.

Daga ina mutum zai fara neman haƙƙinsa?

Daga kundin aikinsa, kuma tun kafin ya sauka. Duk shari'ar kuɗin hutu a kan lamba take tsayawa: kwana nawa ne? Idan rajistar gareji ta ce 120, shi kuma ya san ya tara 280, to sai ya kawo shaida. Ma'aikatan bas ana yawan yi musu canjin gareji, kuma a irin wannan canji ne lissafi ke ɓata. Mai hankali yakan nemi a nuna masa ragowar hutunsa kowace shekara, ya ajiye kwafi, haka ma takardun neman hutu da aka ƙi amincewa da su.

Idan an ƙi ba shi bayanin, dokar 'yancin samun bayanai ta 2005 ta wajabta wa hukuma ta amsa cikin kwana 30. Daga nan sai ya rubuta takardar koke ga shugaban hukuma, ya karɓi shaidar an karɓa. In shiru ya yi yawa, hanya biyu ce a gabansa. Ƙaramin ma'aikaci zai iya zuwa kotun ƙwadago ta lissafa abin da yake bi ta umarci a biya, tanadin da ke cikin dokar rikicin ƙwadago ta 1947 wanda wani sabon kundi na 2020 kan hulɗar ƙwadago ya gada. Ko kuma ya tafi Babbar Kotun jiha a ƙarƙashin sashe na 226 na tsarin mulki. Ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikata sukan haɗa mutane da yawa a ƙara ɗaya, abin da ke rage kuɗin lauya ƙwarai.

Kada a yi sanya. Kotu tana iya korar ƙarar da aka kawo bayan shekaru masu yawa ba tare da dalilin jinkiri ba. Idan kuma an yi nasara amma hukuma ta ƙi bin umarni, ƙarar raina kotu tana da wa'adin shekara ɗaya.

'Yan kwantiragi fa?

Su ne abin tausayi a wannan zamani. Birane da yawa yanzu suna ɗaukar hayar bas, musamman masu lantarki, daga kamfanoni masu zaman kansu, a biya su bisa kilomita. Motar tana ɗauke da tambarin hukuma, amma direban ma'aikacin ɗan kwangila ne. Shi ba shi da kwana 300, abin da yake da shi shi ne mafi ƙarancin da dokar ƙwadago ta tanada, kuma kamfanin da ya ɗauke shi zai fara bi.

Akwai makamancin wannan a dokar Najeriya?

Akwai, ko da yake ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan wata goma sha biyu. Ya hana a ba mutum kuɗi a madadin hutu muddin yana cikin aiki, amma ya tanadi a biya shi gwargwadon abin da ya tara idan aikin ya ƙare. Dokar ta shafi masu aikin hannu da na magatakarda, don haka direba da kwandasta suna ciki. Sashe na 173 da na 210 na tsarin mulkin 1999 sun kare fansho da garatuti na ma'aikatan tarayya da na jihohi, amma ba su ambaci hutu ba. Ma'aikacin hukumar jirgin ƙasa ko na sufurin jiha, irin su Kano Line ko Borno Express, zai duba takardar ɗaukarsa aiki da sharuɗɗan aikin hukumarsa ne don ya san ko hutunsa yana taruwa ko yana faɗuwa a ƙarshen shekara. Idan saɓani ya taso, tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumin sauraren irin wannan ƙara, kuma tana da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato.